Mahaucin da Majalisar Skelby Ta Yafe Wa

Duk wanda ya tashi a garinmu na Skelby ya san Vernon Brigg, ko dai a bayan teburin nama a kasuwa, ko kuma a bakin mahaifiyarsa. Mahauci ne ɗan mahauci. Tun yana ɗan saurayi yake zuwa kwata, hannunsa cikin tumbin tumaki kafin masaƙun gari su busa ƙahon shiga aiki na safe. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka fawa ba. Gyara tsayuwa zai yi, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya ce, "Ni ne mutumin da majalisar garin nan ta haramta wa hawa dandamalinta har ya mutu." Da baki cike yake faɗa. In kuwa ka kuskura ka yi dariya, to ka gama samun nama mai kyau a wurinsa.

Abin ya faru ne a 1965, lokacin da samarin Ingila suka haukace da kiɗan rok, kowane lungu da masu jitarsa. Vernon da abokansa uku suka kafa tasu ƙungiya, suka sa mata suna Mahauta. In gaskiya za a faɗa, muryarsa ba ta da daɗi, jitar ma kame-kame yake yi. Abin da yake da shi wanda sauran ba su da shi, bokiti ne. A wani wasan taimakon marayu a babban zauren gari, ya hau dandamali da rigar aikinsa, jini ya bushe a jikinta, ya ajiye bokitin ƙarfe kusa da ƙafarsa. Waƙa ta kai tsakiya, mai ganga ya ɗauki zafi, sai gogan naka ya cusa hannu ya zaro huhun tunkiya da hanji, ya wulwula su a sama, ya watsa wa mutanen layin gaba. A layin gaban kuwa har da Madam Holroyd, matar magajin gari na lokacin, cikin farar kwat mai gashi da aka sayo mata daga Landan. Hanjin ya naɗe mata wuya. Ƙara ɗaya ta yi ta sulale ƙasa sumammiya.

Washegari majalisa ta zauna cikin fushi ta haramta masa zauren har abada. Jaridar gari ta buga hotonsa, ta rubuta "Dabba" a ƙasa. Iyaye suka hana 'ya'yansu mata bi ta layin mahauta, su kuma 'yan matan suka cika layin. Ɗaya daga cikinsu, Doreen mai aiki a masaƙa, ita ya aura.

A nan ne Vernon ya gano abin da ya ci da shi shekara da shekaru: babu tallar da ta kai haramci. Matsalar kawai, a wasu garuruwan ba wanda zai hana ka wasa sai wani ya kai ƙara. To shi ba mai jiran wani ba ne. Duk garin da za su je, sai ya shiga jan ɗakin tarho na bakin layinsu, ya rufe baki da hankici, ya rikiɗa ya zama uba mai 'ya'ya mata uku wanda zuciyarsa ta karye. Yana da tsarinsa da ba ya saɓawa. Limamin coci zai fara kira, sannan majalisar garin, sannan jarida. Wani lokaci Doreen ta karɓi tarhon ta yi kukan uwa, har da shessheƙa, su fito suna riƙe ciki don dariya. Kafin su isa garin an yi wa'azi a kansu, an kafa 'yan sanda a ƙofa, samari sun yi layi har kwana.

Sai dai shekaru ba su tsaya jiransa ba. Waɗanda suka fara kiɗa tare da shi wasu suka yi jirgin sama na kansu, suka koma yin waƙa ɗaya mai tsawon da za ka dafa dankali ka ci ba ta ƙare ba. Vernon bai kai can ba. Mai gangarsa ya zama direban bas, mai ɗaya jitar ya yi tumbi da ciwon baya. Wata-wata suke haɗuwa su yi wasa a mashayar ma'aikata, gaban mutanen da suka fi kula da kofunansu. Gashinsa ya janye daga goshi, ya bar na ƙeya ya yi tsawo. Faifansu guda ɗaya tak ya daɗe da ɓacewa a kanti. Abu ɗaya ya rage masa wanda ba ya tsufa, ba ya tsatsa, kuma babu mai irinsa a duk Skelby. In ya bi ta gaban babban zaure da yamma, har rage tafiya yake yi ya dubi ƙofar, don ya san shi kaɗai ne aka rufe wa ita.

Ana haka 1977 ta zo mana da 'yan pank, masu wani sabon kiɗa na hargitsi. Masaƙu na ta rufewa, yara sun gama makaranta babu aiki, sai ga su a titi da gashi an yi masa askin hauka an rina shi kore, fil a kumatu, wasu sanye da ledar zuba shara a matsayin riga. Ba su iya kiɗa ba, kuma da hakan suke taƙama. In mawaƙi ya burge su, yawu suke tofa masa, ya sauko sharkaf yana murna. Kuma abin haushi, ba 'yan sanda suka fi tsana ba, ba gwamnati ba. Tsofaffin 'yan rok suka fi tsana, su suke zagi safe da yamma, wai kwarangwal ne da suka ƙi kwanciya.

Na Skelby suna kiran kansu 'Yan Bola. Mai yi musu waƙa wata ce Lorna Speight, doguwa siririya, shekararta sha tara, rabin kanta a aske. Wata Juma'a ta tsaya gaban teburin Vernon tana taunar cingam.

"Kai ne Kaka mai bokiti?"

"Sunana Mista Brigg. Me za a ba ki?"

"Ƙashin miya, in ji mamata. Ta ce in gaishe ka da kyau. Wai tana zauren ranar da ka yi abin nan naka. Har yanzu tana da faifanka, shi take sawa in tana guga."

Matan da ke layi suka ƙyalƙyale. Vernon ya sara ƙashin da ƙarfin da ya wuce kima. Ya ce, "Ke yarinya, lokacin da na sa garin nan karkarwa, wannan fil ɗin na kumatunki bai daɗe da barin tsumman ɗuwawunki ba."

"To ai shi ya sa na ce Kaka." Ta jingina da teburin. "Kai fa ranar Asabar kake sa rigar rashin kunya. In ka gama watsa hanjinka ka wanke hannu da sabulu, ka koma gida matarka ta zuba maka shayi. Mu haka muke kwana, haka muke tashi."

"An taɓa haramta miki wani abu a rayuwarki?"

"Tukuna dai. Amma an ba mu babban zaure ranar bikin bazara, wai fili ne na matasa. Ka zo ka leƙa ta taga, tunda kai ba ka da izinin shiga." Ta ɗauki ƙunshinta ta wuce, ba ko sai an jima.

Maganar nan ta tsaya masa a ƙirji kamar ƙashin kifi. Ya so ya nuna wa kansa har yanzu yana ci, sai ya shiga ɗakin tarho ya kira limamin wani ƙauye da Mahauta za su yi wasa a ƙarshen wata. Ya ɗora hankici, ya sa muryar uban nan mai 'ya'ya uku, ya kawo kukansa yadda ya saba. Limamin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Mahauta? Kai, ashe suna nan da rai! Bawan Allah, kwantar da hankalinka. A wasansu na haɗu da matata. Ranar yaushe ka ce za su zo?" Vernon ya ajiye tarhon a hankali.

Bai fita daga ɗakin ba. Ya tsaya yana lissafi da zuciyar da ta riga ta ɗau zafi. In yaran nan suka hau dandamalin, suka yi tofe-tofensu, suka karya kujera biyu, majalisa za ta haramta musu zauren, shi kenan ya sami abokan tarayya a abin da yake nasa shi kaɗai. Gara a tare su tun kafin su hau. Kira ɗaya ya isa, a majalisa, a asirce, a soke ranar a ce ana gyaran rufi, magana ta mutu ba wanda ya ji. Haka ya tsara, kuma tsarin ba laifi. Amma hannun da ya shekara goma sha biyu yana abu ɗaya ba ya tambayar mai shi. Ya kira limamin babbar cocin gari. Ya kira majalisa. Ya ji muryarsa tana fita da kyau, tana rawa inda ya kamata, irin yadda ya daɗe bai ji ta ba, daɗi ya kwashe shi, ya zura wani kwabon ya kira jarida. Bai taɓa yin uban nan da kyau irin na ranar ba, don a karon farko da gaske yake.

Ranar Lahadi aka yi wa'azi a kan 'Yan Bola. Majalisa ta kira zaman gaggawa ta haramta musu babban zaure har abada, ba su ko kaɗa jita sau ɗaya a cikinsa ba. Wata jaridar Landan ta turo mai ɗaukar hoto. Kafin mako ya zagayo, fuskar Lorna ta cika shafin farko, ta zaro harshe a kan matakalar zauren, an rubuta "Yaran da Skelby ke tsoro". Aka ce har wani kamfanin faifai ya bugo wa mamarta waya.

Doreen ta ajiye jaridar a gabansa lokacin shayin yamma, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu. Ta ce, "Uba mai 'ya'ya mata uku. Na karanta abin da ya faɗa. Na san uban nan, na sha yi masa kukan matarsa."

Vernon ya ci gaba da shafa man shanu a burodi.

"Har jarida ka kira?"

"Na kira."

"Kai Vernon, wane irin sakarai ne kai? Kai da ka koya wa duniya yadda ake yi! Ka ɗauki abin da ya rage maka ka wanke shi tas ka miƙa wa 'yar Brenda Speight. Ni da na bar samari masu aikin ofis na bi ka saboda kai ne ba ka tsoron kowa, yau kai ne kake kai yara ƙara wajen liman."

Vernon ya kurɓi shayinsa. Ya ɗauka iyakar abin ke nan. Ashe saura mai zafin.

Mista Pilling, akawun majalisa, wani ɗan gajere mai yawan murmushi, shi ya kawo masa albishir har teburin nama. "Vernon, na zo maka da labari mai daɗi. Tunda an cire yaran nan, fili ya buɗe ranar biki, ƙarfe uku na rana. 'Yan majalisa suka ce a nemo abu na gida, wanda aka sani, wanda mutum zai zo da iyalinsa hankali kwance. Sai wani ya ambaci sunanka. An ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. An yafe maka, Vernon. An ɗage haramcin."

Vernon ya ajiye wuƙa. "Wa ya roƙe ku?"

"Haba, ai abin ya wuce, ƙuruciya ce."

"Har abada kuka ce. Da bakinku kuka ce har abada."

"To ai majalisa ce ta sa, ita ta cire. Ko ka yi wasan ko ba ka yi ba, ƙofa a buɗe take gare ka." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka ajiye min ƙodar rago, Vernon, in na taso zan biyo."

Na rantse, gara a ce mutum marinsa aka yi a tsakiyar kasuwa. Shekara goma sha biyu yana riƙe da abin nan, wasu masu ƙulla wuya suka ɗaga hannu tsakanin maganar magudanar ruwa da maganar fitilun titi suka raba shi da shi, kuma suna jiran godiya. Ƙin zuwa ba zai dawo masa da komai ba. Hanya ɗaya ta rage, ya hau dandamalin ya yi abin da zai sa su sake rufe masa ƙofa, ko suna so ko ba sa so.

Ya tattaro tsofaffin Mahauta. Ranar biki ya je kwata da kansa ya cika bokiti biyu manya, huhu da hanji da tumbi da saifa, ya ɗora kan tunkiya a sama da idanunta a buɗe. Ya fito da tsohuwar rigar daga ƙasan akwati, da ƙyar maɓallinta ya haɗu. Doreen ta ce ba za ta je ba, daga baya ta sa hularta ta biyo shi.

Rana ta yi zafi, an buɗe manyan ƙofofin zauren don iska. Labule na ɗagawa Vernon ya ga abin da ya ɓata masa shiri tun bai buɗe baki ba. An shimfiɗa leda a ƙasa, tun daga dandamali har layi na biyar. Mutane sun cika maƙil, duk sa'o'insa, da 'ya'yansu a cinya suna lasar askirim, kuma kusan kowa da rigar ruwa ko lema a ninke, a shirye. A tsakiyar layin gaba ga Madam Holroyd, yanzu tsohuwa, mijin ya rasu, sanye da farar kwat ɗin nan dai, ta ɗora rigar leda a kai. Tana ganinsa ta ɗaga masa hannu.

Ya fasa ihu ya shiga waƙa. Ya zaro huhu ya wurga da iya ƙarfinsa. Lemomi suka buɗe gaba ɗaya, zaure ya ɗauki shewa. Wani mai sanƙo ya cafe huhun ya ɗaga sama, aka yi masa tafi. Ya watsa hanji a kan Madam Holroyd, ta dafe goshi ta lanƙwashe a kujera tana kwaikwayon suma, sannan ta miƙe tana dariya har da share ƙwalla. Ya ɗaga kan tunkiyar ya sumbace ta a baki, yara suka yi ta tsalle suna cewa a sake. Ya kama abin magana ya zagi majalisa, ya zagi magajin gari, ya kira su ɓarayi munafukai ɗaya bayan ɗaya. 'Yan majalisar da ke gefe suka yi ta zungurin juna, wanda aka tsallake ma har ya ɗaga hannu a tuna da shi.

Daga waje ne hayaniyar gaske ke tasowa. Daga kan dandamali Vernon yana hango titi ta buɗaɗɗiyar ƙofa. 'Yan Bola sun kafa kayansu a kan matakala ba izini, 'yan sanda sun yi musu zobe, kwalabe na fashewa, mata na janye 'ya'yansu da fuskar tsoro na gaskiya, irin fuskar da ya sani sarai. Masu ɗaukar hoto duk suna can, sun ba zauren baya. Ya ga 'yan sanda biyu sun ɗaga Lorna cak za su jefa a mota. Ta waiwayo, idonta ya faɗa cikin nasa, ta yi masa ɗan bai-bai da yatsu.

Sai ya yi abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Ya matso bakin dandamali, ya sunkuya daidai kan layin gaba, ya tattaro bakinsa zai tofa musu yawu irin na yaran. Bakin ya bushe ƙamas. Ya yi kaki, ya sake yi, ba abin da ya fito sai tari. Wata mata ta miƙo masa lemon kwalbar ɗanta, ta ce, "Sha, Vernon, kada ka shaƙe."

An tashi ana ta yaba wasa. Mista Pilling ya ce baɗi ma sai an maimaita. Masu shara suka naɗe ledar ƙasa cikin ɗan lokaci, zauren ya koma fes kamar ba a yi komai ba. Vernon na zaune a bakin dandamali, Doreen na tsaye nesa kaɗan ta ƙi dubansa, sai ga Madam Holroyd ta dogaro sandarta.

"Mista Brigg, rabon da in yi dariya irin ta yau tun maigidana na da rai. Ka san kwat ɗin nan, duk inda na je sai an sa ni na ba da labarinta." Ta leƙa cikin bokiti na biyu. "Af, ashe da saura. Ba zubarwa za ka yi ba ko? Ina da kyanwa biyu a gida, suna mutuwar son huhu."

Ya dube ta. Ya dubi bokitin. Hannunsa ya riga shi yanke shawara, kamar yadda ya yi masa a ɗakin tarho. Ya jawo wata jarida da aka bari a kujera, ya shimfiɗa a gwiwa, fuskar Lorna da harshenta a waje tana kallonsa. Ya zaɓi huhu mai kyau ya ɗora a kai, ya ninke gefe da gefe, ya murɗe bakin tsaf yadda mahaifinsa ya koya masa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya ji bakinsa yana cewa, "Sai me kuma, Madam?"

Ya yi shekara ashirin bayan nan a kasuwa, ni ma na sha sayen nama a wurinsa. Baƙi kan tambaye shi ko shi ne wanda ake ba da labari. Ba ya ko ɗaga kai daga kan katakon sara. Cewa yake, "Nama nake sayarwa. Me za a ba ka?"